Sojojin jikina sun ƙi hawa, in sayar da akuyata in sayi maganin ƙara garkuwa?

Wata ƴar'uwa ta rubuto daga cikin garin Maraɗi:

"Assalamu alaikum Yaya. Ni mace ce mai shekara 43, ɗinki nake yi a gida. Shekara uku da rabi ke nan da aka gano ina ɗauke da cutar sida, bayan rasuwar maigidana. Lokacin na kwanta sosai, ga gudawa ga rama, aka ce sojojin jikina 41 kawai suka rage. Tun ranar da aka ɗora ni a kan magani ban taɓa tsallake ko kwana ɗaya ba, Allah ne shaidata. Awo uku a jere ana ce mini ba a ga ƙwayar cutar a jinina ba. To amma sojojin sun ƙi hawa: bara 196, bana 178. Wata baiwar Allah da muka fara karɓar magani wata ɗaya da ita, nata sun wuce 600. Yanzu wani mutum ya kawo maganin ruwa daga ƙetare, ya ce yana ninka sojojin jiki cikin wata biyu, kwalba jika 25, kuma sai an sha huɗu. Maƙwabciyata ta ce in haɗa da ƙwayoyin ƙiba tunda har yanzu ban murmure ba. Ina da jar akuya da ƴaƴanta biyu, ina tunanin in kai su kasuwa in cika da kuɗin adashina. Yaya, maganin asibitin ne ya daina yi mini aiki? Ko mutuwa ce ke tafe a hankali ana ɓoye mini?"

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya jiƙan maigidanki, ya raya abin da ya bari.

Kada ki kai akuyar nan kasuwa. Na fara da wannan ne don na san yadda zuciya take idan tsoro ya shige ta, kada ranar kasuwa ta riga amsata isowa gare ki. Tambayarki ta ƙarshe kuwa sau uku na karanta ta. Abin da kika rubuto mini bai nuna magani ya daina aiki ba, kuma ban ga alamar ana ɓoye miki komai ba. Rai yana hannun Allah, amma takardun da ke hannunki takardun mai samun sauƙi ne.

Lamba biyu ake ba ki a asibiti, kuma darajarsu ba ɗaya ba ce. Akwai awon yawan ƙwayar cutar a cikin jini, wanda kike ji ma'aikata suna ce wa sharj biral. Akwai kuma CD4, wato sojojin jiki. Maganin da yawancin mutane ke sha yanzu ƙwaya ɗaya ce mai haɗe da magani uku, tenofobir da lamibudin da dolutegrabir, ana taƙaita sunanta TLD. Aikinta guda ne: ta hana ƙwayar cutar hayayyafa. Ba ta ƙera soja ko ɗaya. Jikinki ne ke haifar sojojinsa da kansa, bayan an kawar masa da abin da ke karkashe su. Saboda haka ma'aunin da ake duba ko magani na ci shi ne na farkon, kuma tun 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fifita shi a kan awon CD4 wajen bin lafiyar mai shan magani. Naki sau uku a jere ba a ga komai ba. Akwai mutanen da suke shekaru suna neman takarda irin wannan ba su samu ba. Ke kika samo ta da hannunki, ƙwaya ɗaya kullum, cikin takaba da maraici da rashin mai tuna miki.

To me ya hana sojojin hawa kamar na abokiyar layinki?

Ke ƴar Maraɗi ce, kin san sassaɓen zamani. Bayan farin shekarun 1970 da 1980 gonakin ƙasar nan sun zama fako, iska na kwashe ƙasa tana binne shuka. Sai manoma suka daina tumɓuke kututture, suka riƙa barin tohon da ke fitowa daga saiwa mai rai, a rage rassa a bar biyu ko uku masu ƙarfi. Yau duk wanda ya bi hanyar Tasawa zai ga gawo da kalgo tsaye cikin gero. Amma ki tambayi kowane tsohon manomi, zai ce miki gona biyu masu iyaka ɗaya ba sa farfaɗowa tare. Wadda aka tarar da kututturanta da sauran ƙarfi, damina uku ta yi inuwa. Wadda aka daɗe ana sara ana ƙonawa, sai a yi shekaru ana ganin ɗan toho kamar ba ya motsi, alhali yana motsi.

Mai lafiya yana da sojoji tsakanin 500 da 1,500 a cikin ɗan ɗigon jinin da ake aunawa. Ke da 41 kika fara. Ita waccan baiwar Allah, wata ɗaya kuka fara karɓar magani, amma da wuya a ce daga wuri ɗaya kuka taso. Mai yiwuwa an gano tata da wuri, wajen awon ciki ko makamancinsa, tana da sauran ɗaruruwa. Babu abin da ya fi nuna inda sojojin mutum za su kai kamar inda suka faɗi kafin a fara magani. A watannin farko sukan yi tsalle, daga nan sai hawan ya koma kamar 50 zuwa 100 a shekara ga yawancin mutane, wasu ƙasa da haka nesa ba kusa ba. Binciken da aka yi a ƙasashe daban-daban ya nuna tsakanin mutum 10 zuwa 40 cikin 100 na masu shan magani, ƙwayar cutar takan kwanta sarai amma sojojinsu ba sa komawa yadda ake so, kuma galibinsu waɗanda aka gano a makare ne. Ba ke kaɗai ba ce, kuma ba sakacinki ba ne.

Dalilan suna cikin jiki. A bayan ƙashin ƙirji akwai wani ɗan nama da ake kira timus, can ne sababbin sojoji ke samun horo bayan sun fito daga ɓargo. Wannan naman yana da girma ga yaro, yana ƙanƙancewa da shekaru, don haka mai shekara 43 ba ta fitar da sababbi da saurin mai 20. Sannan shekarun da cutar ta yi tana aiki a ɓoye ta bar tabo a cikin ƙulluttukan nan da ke kumbura mu ce kaluluwa, a wuya da hammata da matsematsi, waɗanda su ne mazaunin sojoji. Gidan da ya yi tabo ba ya ɗaukar jama'a kamar da. Akwai kuma wani ɗan zafi-zafi da garkuwar jiki ke ci gaba da yi a ciki ko bayan cutar ta kwanta, wanda ke gajiyar da sojojin su mutu da wuri.

Game da 196 da ta koma 178, wadda na san ita ce ta hana ki barci: wannan ba faɗuwa ba ce. Lambar CD4 tana rawa. Jinin safe da na yamma na mutum guda ba sa ba da lamba ɗaya. Masassarar cizon sauro ko mura a makon awo tana saukar da ita, canjin na'ura ma haka. Likitoci ba sa ɗaukar bambanci da muhimmanci sai ya kai wajen kashi 30 cikin 100, naki bai kai 10 ba. Lissafin da ya kamata ki riƙa yi shi ne daga 41 zuwa kusan 190. Sun ninka fiye da sau huɗu.

Ba zan rufe ki ba, ƙanwata. Wanda sojojinsa ke ƙasa da 200 yana da sauran rauni, ko da cutar ta kwanta. Haɗarinsa ya fi na mai 600. Sai dai ya yi ƙasa ƙwarai da na wanda ke da lamba irin taki amma ƙwayar cutar na yawo a jininsa, kuma yana daɗa raguwa duk shekarar da aka ƙara cutar na kwance. Damuwarki tana da tushe. Inda za ki kai kuɗinki ne ba daidai ba.

Tambayar da kike yi, ko akwai maganin da zai ƙara sojoji a kan na asibiti, manyan likitocin duniya sun yi ta tun kafin ke, kuma sun kashe mata dukiya mai yawa. Akwai wani sinadari da jiki ke yi da kansa don kiran sojoji su hayayyafa, sunansa intalukin-2. Aka haɗa shi a matsayin allura, aka yi manyan gwaje-gwaje guda biyu, ESPRIT da SILCAAT, da mutum fiye da 5,800 a ƙasashe da dama. Rabi suna shan maganin sida kaɗai, rabi ana ƙara musu allurar. Na biyun ma an yi shi ne musamman a kan masu sojoji tsakanin 50 da 299, wato irinki. An bi su shekara bakwai zuwa takwas, sakamako ya fito a 2009. Lambar ta hau, babu shakka. Amma waɗanda aka yi wa allurar ba su fi sauran tsira daga cututtuka ba, ba su fi su tsawon rai ba, ga zazzaɓi da ciwon jiki da suka sha duk lokacin allura, a babban gwajin ma munanan larurori sun fi yawa a cikinsu. Sojojin da allurar ta tara sun cika takarda, ba su tsare gida ba. Daga nan aka ajiye ta.

An gwada wata dabarar: a ƙara magani na huɗu a kan ukun, irin su raltegrabir ko marabirok, ko sojoji za su ƙara sauri. Babu wani abin kirki da ya fito. An gwada wasu sinadaran, har yau babu ko ɗaya da hukumomin lafiya suka amince a riƙa bai wa masu irin matsalarki don ya ɗaga CD4. Canja maganin da ke riƙe da cutar a kwance don kawai lamba ta ƙi hawa, shi ma ba a ba da shawararsa.

Yanzu ki auna da kanki. Abin da aka gwada a kan dubban mutane, ya ɗaga lambar da gaske, aka ce bai da amfani. Shi kuma mai kwalbar jika 25, a kan wa ya gwada tasa? Wa ya auna abin da ke ciki? Na sha ganin irin kwalaben nan, da hoton ganye kore da rubutun da ba mai karantawa, wasu ba su da ko ranar lalacewa. Mafi sauƙin sharrinsu shi ne su zama ruwan sukari da kala, a ci kuɗinki kawai. Wasu kuwa suna taɓa hanta da ƙoda, kuma tenofobir da ke cikin TLD ta ƙoda yake fita, ba ya son abokin da zai ƙara mata nauyi. Mafi muni shi ne ranar da zai ce miki ki ɗan ajiye na asibiti don nasa ya samu hanya. Ba ƙananan mutane kaɗai ke faɗin haka ba. A watan Janairun 2007 shugaban Gambiya na lokacin, Yahya Jammeh, ya fito ya ce yana warkar da sida da haɗin ganyaye, aka sa marasa lafiya suka bar maganinsu suka shiga shirinsa. Bayan saukarsa hukumar binciken gaskiya ta ƙasar ta saurari shaidu a kan waɗanda suka mutu a ciki. Duk wanda ya ce ki dakatar da ƙwayarki, ko na kwana uku ne, ko wane ne shi, ki tashi ki bar masa wurin.

Shawarar maƙwabciyarki ta fi ta mai kwalba ba ni tsoro, duk da na san don ƙauna ta ba ki. Ƙwayoyin ƙibar nan da ake ce wa sha-ka-fashe, waɗanda ƴan talla ke ƙirgawa a leda, da yawansu dekzametazon ne ko danginsa. Wannan magani ne da likita ke ba da shi idan yana so ya danne garkuwar jiki da gangan. Ki dubi abin: kina neman sojoji, a ba ki abin da ke kwantar da su. Na ga wata yarinya da ta yi wata uku tana sha don bikin ƙawarta. Fuska ta cika ta yi tas kamar wata ɗan daren sha huɗu, kowa na yaba ta, amma hannu da ƙafa sun sirance, da ta buɗe baki sai ga harshe da dasashi sun yi fari fat kamar an shafa kindirmo, ko ruwa ba ta iya haɗiyewa sai da hawaye. Ruwa da kitse ne ke taruwa a fuska, ƙarfi na zubewa. Yana tayar da ciwon sukari da hawan jini, yana kuma buɗe wa tarin fuka ƙofa. Idan kin riga kin fara sha kin kwana biyu a kai, kada ki yanke shi rana ɗaya, ki kai wa likita ledar ya nuna miki yadda ake rage shi a hankali.

Abin da aka tabbatar yana ceton rai a wannan tsakanin, kafin sojoji su cika, magunguna ne marasa tsada da ba su da mai yi musu talla. Ba sa ɗaga lamba. Suna tsayawa ne a bakin ƙofar da sojoji suka yi ƙaranci.

Na farkonsu kotirim, wanda muke kira Bactrim, a ƙetaren iyaka kuma Septrin. Ba ki ambace shi a wasiƙarki ba, kuma wannan ya tsaya mini a rai. A Abijan aka yi gwaje-gwajen da suka fito a 1999 suka nuna ƙwaya ɗaya a rana tana rage kwanciya asibiti, a cikin masu tarin fuka ma har da mutuwa, tun ma kafin maganin sida ya iso ƙasashenmu. Yana tsare huhu daga wani mugun ciwo da ke kama masu ƙarancin sojoji, yana tsare ƙwaƙwalwa daga wata ƙwayar da ke kawo farfaɗiya da shanyewar ɓarin jiki, yana rage wasu nau'o'in gudawa, yana kuma rage masassarar cizon sauro. Mai sojoji 178 a garin da damina ke zuwa da sauro irin namu, ya kamata a ce tana shan sa kullum, sai fa in jikinta ba ya karɓarsa. Mutane da yawa suna raina shi su ajiye don sun saba ganinsa a tiren mai talla. Idan an ba ki kin daina, ki koma. Idan ba a ba ki ba, ki tambayi dalili. In ya fito miki da ƙuraje, musamman da gyambo a baki ko jan ido, ki tsaya ki je asibiti a ranar.

Sai rigakafin tarin fuka, wanda shi ne ya fi kowace cuta kashe masu ɗauke da sida a duniya. Wani gwaji da aka yi a Kodebuwa mai suna Temprano, da mutum 2,056, ya nuna shan isoniyazid na wata shida yana rage kamuwa da shi, kuma da aka ci gaba da bin mutanen, sakamakon 2017 ya nuna mutuwa ta ragu da kashi 37 cikin 100 a cikin waɗanda suka sha. Yanzu akwai gajeren tsari ma, sau ɗaya a mako har mako 12. Sai an fara tabbatar da ba ki da tarin a jiki kafin a ba ki. Ki tambaya ko an taɓa ba ki, don mutane da yawa sun sha ba su san sunansa ba, wasu kuma an tsallake su.

Wani gwajin, REALITY, wanda shi ma sakamakonsa ya fito a 2017, da aka yi a Yuganda da Kenya da Malawi da Zimbabuwe a kan masu fara magani da sojoji ƙasa da 100, ya gwada hanyoyin biyu gefe da gefe. Waɗanda aka ƙara wa maganin sida na huɗu, mutuwa ba ta ragu a cikinsu ba. Waɗanda aka ba ƙunshin magungunan kariya daga tarin fuka da sanƙarau da tsutsar ciki da sauransu, mutuwa a wata shidan farko ta sauko daga kusan 12 cikin 100 zuwa kusan 9. Ke kin wuce wancan matakin mai haɗari, alhamdu lillahi, na kawo miki shi ne don ki ga ta inda taimako yake zuwa.

Ranar da za ki koma karɓar magani, kada ki miƙa kati ki karɓi kwalba ki fito. Ki ce kina son ganin likita, ki tafi da takardunki duka tun daga ta 41 ɗin. Abu ɗaya da zai sa in sake lissafin da na yi miki a sama shi ne nau'in cutar. Iri biyu ce, kuma ta biyun, wadda aka gano a 1986, a nan Afirka ta Yamma take da gida. Na'urar da aka saba auna yawan ƙwayar cuta da ita ta farkon take ƙirgawa, ba ta ganin ta biyu yadda ya kamata, kuma masu ta biyun sojojinsu sun fi jinkirin hawa. Tsofaffin magunguna irin su efabirenz da nebirapin ba sa cin ta, dolutegrabir kuwa yana ci. Mafi yawan mutane ta farkon gare su, amma tambaya ce ta minti ɗaya: "Likita, tawa ta ɗaya ce ko ta biyu?" Ki kuma nemi a duba ciwon hanta, nau'in B da C. Na B ya yi yawa a ƙasarmu, kuma idan kina da shi, biyu daga cikin magungunan da ke cikin TLD su ne ke danne shi, wanda ya sa barin ta ko na ɗan lokaci zai iya tayar da hanta. A duba yawan jininki da lafiyar ƙoda. Idan akwai zidobudin a cikin haɗin da kike sha, ki faɗa a duba, don shi yakan danne ɓargo.

Ramar da ba ta tafi ba bayan shekara uku ita ma abin bincike ce, domin dolutegrabir ya fi sa mutane ƙiba. Ko tarin fuka ne a ɓoye, ko sukari, ko tsutsa, ko kuwa abincin ne ba ya isa saboda kina ture wa yara naki kason, ko baƙin cikin da bai sake ki ba tun rasuwar. Ki faɗi gaskiyar wanda ya shafe ki a ciki.

Akwai wani kuskure da mata masu neman lafiya ke yi da kyakkyawar niyya. Ƙwayar ƙarin jini, da ƙwayar ƙarfin ƙashi, da farin ruwan nan na ciwon olsa, idan suka haɗu da dolutegrabir a ciki sukan riƙe shi su hana shi shiga jini. Ƙa'idar ita ce ki sha ƙwayarki awa biyu kafin su, ko awa shida bayansu. Kwalaben ƙara garkuwa kuwa sau da yawa cike suke da irin waɗannan sinadaran, ki ga ashe mutum zai iya sayen abin da zai raunana maganinsa da kuɗinsa. Ƙwayoyin ciwon jiki irin su diklofenak da ibuprofen, waɗanda na san masu zaman keken ɗinki suna yawan sha don ciwon baya, ki rage su ƙwarai saboda ƙoda, ki yawaita shan ruwa a zafin Afrilu da Mayu.

Sai ajiya. Wata mata daga wani ƙauye a bakin gulbi ta taɓa zama gabana ta kwance haɓar zaninta, ta fito da ƙwayoyinta na wata guda ɗaure a baƙar leda. Ta jefar da kwalbar tun a hanya don kada kishiya ta gane ta. Gumi da zafi sun sa sun yi laushi, wasu sun manne da juna. Ban ga laifinta ba, na san abin da take gudu. Amma kwalbar nan da ɗan ƙunshin da ke cikinta mai tsotse laima suna da aiki. Ki ɓanɓare takardar jikinta in kina so, ki sa ta a ƙasan akwatin tufafi inda rana ba ta kaiwa, nesa da murhu, ki bar ƙwayoyin a ciki.

Ki nemi a duba miki bakin mahaifa. Mace mai ɗauke da wannan cuta ta fi sauran mata haɗarin kansar wurin har kusan sau shida, kuma idan an gano da wuri ana magance ta kafin ta zama kansa. Wannan awon ya fi kwalba huɗun can amfani gare ki.

Tari da ya ƙi tafiya, zufar dare, zazzaɓin da ya wuce ƴan kwanaki, ciwon kai mai nacin da ba ya jin magani ko mai zuwa da amai da sanƙarewar wuya, canjin gani, wahalar haɗiya: ko ɗaya kika gani kada ki jira ranar da aka rubuta miki, ki hau kabu-kabu ki tafi. Idan azumi ya zo kuma likita ya ce jikinki zai ɗauka, ƙwayar sau ɗaya ce a rana, ana iya mayar da ita bayan buɗa-baki ko lokacin sahur, a tsaya a kan lokaci ɗaya.

Akuyarki kuwa, jar akuyar Maraɗi da ake zuwa nema daga ƙasashen waje, tana cikin maganinki. Ki riƙa tatsa kina tafasa nonon sosai kafin ki sha, domin ɗanyen nono yana ɗauke da cututtukan da mai ƙarancin sojoji ba ta buƙatar haɗuwa da su. Ki dama fura da shi. Kuɗin adashin ki sa a wake da gyaɗa da ƙwai da ɗan nama ko kifi ranar da hali ya yi, ga zogale da rama da yakuwa, ki sayi gidan sauro in naki ya yage. Zogale abinci ne mai kyau, ki ci shi a kwaɗo da ƙuli-ƙuli kamar yadda iyayenmu suka ci, ba sai wanda aka ɗura a kwalba aka tsawwala wa kuɗi ba.

Ita kuma abokiyar layinki, ki taya ta murna, ki daina tambayarta lambarta. Idan mai kwalba ya dawo, ki ce masa likitanki ya hana, ba sai kin yi masa dogon bayani ba. Bayan kin ga likita ki sake rubuto mini, ki gaya mini nau'in cutar, da ko an ba ki kotirim da rigakafin tarin, da abin da awon hanta ya nuna. Ki gaishe mini da yara.